Laftof ɗinmu na ƙamewa da zarar modem ya fara kira: ina gyaran yake?

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan makon, kuma duk a kan modem suke. Ta farkon ce za ta fi cin wuri, domin matsalar da ke cikinta tana jawo wa mutane asarar takardu da kuɗi ba gaira ba dalili.

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina aiki a wani ƙaramin ofishin 'yan kasuwa a Maraɗi, kuma har yau akwai abokan hulɗarmu da ba sa karɓar takarda sai ta faks. Muna da tsohuwar laftof mai Windows XP da muke jona wa wayar tarho ta bango mu aika da ita. Wata biyu da suka wuce aka sake mata Windows. Tun daga ranar, da na danna aikawa sai ta buga lamba, ta fara wannan kukan nata, sai kawai ta ƙame. Linzami ba ya motsi, sai na danne maɓallin wuta. Mai gyara ya ce a sake yi mata fomatin. A yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kada a yi. Fomatin ɗin farko ne ya kawo ciwon, na biyu kuma zai mayar da kai inda kake, sai dai ka ƙara biyan kuɗi. Kai da kanka ka faɗi inda bakin zaren yake: kwamfutar tana lafiya har ranar da aka sake mata Windows. Abin da ke canzawa a irin wannan rana shi ne direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke tsakanin Windows da kowane sashe na ƙarfen kwamfuta.

Akwai abin da ya kamata ka sani game da modem ɗin da ke cikin laftof na wancan zamani. Yawancinsu ba cikakken modem ba ne. Cikakken modem yana da ƙwaƙwalwarsa, shi ke juya bayanai zuwa sauti, ya juya sauti zuwa bayanai, kwamfuta kuwa miƙa masa saƙo kawai take yi. Don rage kuɗi, masu ƙera laftof suka koma sa wani ɗan ƙaramin allo wanda aikinsa bai wuce haɗa waya da kwamfuta ba, ainihin aikin kuma aka ɗora wa direba da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar kanta. Shi ake kira Winmodem ko softmodem, kuma kamfanoni irin su Conexant, Agere, Motorola da Smart Link ne suka fi yin su. Shi wannan direban a can cikin zuciyar Windows yake zaune. Idan manhajar rubutu ta rikice, ita kaɗai ke mutuwa, ka rufe ta ka ci gaba. Idan direba ya rikice, da kowa yake tafiya. Shi ya sa ko linzami ba ya motsi.

Kafin komai, kwashe takardunka zuwa filashi. Kashe kwamfuta da ƙarfin tsiya kullum yana iya lalata fayiloli, kuma ka yi wata biyu kana yi.

Sannan mu tabbatar da mai laifin, kada mu yi zato. Cire wayar tarho daga jikin laftof. Shiga Control Panel, buɗe Phone and Modem Options, je shafin Modems, zaɓi modem ɗin, danna Properties, sai Diagnostics, sai Query Modem. Wannan yana sa Windows ta yi wa modem 'yan tambayoyi ba tare da kiran kowa ba. Idan ta ƙame a nan, alhali babu waya a jiki, to layin tarho ba shi da laifi: ko direba ne, ko allon modem ɗin. Idan ta amsa lafiya, sai a lokacin kira kaɗai take ƙamewa, riƙe wannan, zan dawo kansa. A wannan shafin akwai akwatin Append to Log. Sa masa alama. Windows za ta riƙa rubuta hirarta da modem a wani fayil mai suna da ya fara da ModemLog cikin babbar jakar Windows, kuma layinsa na ƙarshe yakan nuna inda aka tsaya.

Idan ta ƙame, danna Caps Lock ka duba ko 'yar fitilarsa na kunnuwa. In ba ta kunnuwa, ƙamewar ta gaske ce. In tana kunnuwa, kwamfutar da sauran ranta, ka ba ta minti biyu ko uku kafin ka kashe.

Yanzu ga abin da nake zargi. Masu gyara da yawa suna yawo da faifai ko filashi ɗaya mai ɗauke da tarin direbobi, su bar shi ya zuba duk abin da ya ga ya yi kama. A wajen modem, kama ba ta isa ba. Kamfanin Conexant kaɗai yana da iri-iri, kuma kowane mai ƙera laftof yakan gyara direban ya dace da allonsa. Don sanin ainihin abin da ke cikin taka, danna Start, sai Run, ka rubuta devmgmt.msc, sai Device Manager ya buɗe, wato jerin sassan da ke cikin kwamfutar. A ƙarƙashin Modems buɗe Properties, je Details, zaɓi Hardware Ids. Za ka ga VEN da haruffa huɗu a bayansa: 14F1 na Conexant ne, 11C1 na Agere ko Lucent, 1057 na Motorola. Kwatanta da sunan direban da aka sa. In sun saɓa, ka kama ɓarawonka. In ma sun yi daidai, ka cire wanda ke kai ta Add or Remove Programs, ka sake kunna kwamfutar, sannan ka sa wanda kamfanin laftof ɗin ya fitar don wannan samfurin takamaimai. Lambar samfurin tana rubuce a ƙasan laftof.

Wani abu da ake yawan mantawa: a irin waɗannan laftof, modem da sauti hanya ɗaya suke bi, ko dai AC'97 a tsofaffi, ko HD Audio a na baya-baya. Direban sauti mara kyau yana iya kayar da modem, haka ma akasin haka. Kuma idan XP ɗinka SP2 ce, wato mai babban sabuntawa na biyu, a kan allo mai HD Audio, akwai wani gyara na Microsoft mai lamba KB888111 da dole ya fara shiga kafin direban sauti da na modem. SP3 ta zo da shi a cikinta. Tsarin da nake bi shi ne: direban chipset, wato na babban allon kwamfutar, sannan wannan gyaran in ana bukata, sannan sauti, modem a ƙarshe, ana sake kunna kwamfuta bayan kowanne. Yana cin lokaci, amma a nan ne aiki ke gyaruwa ko ya ɓaci.

In har ƙamewar ta kai ba ka iya shiga Windows, danna F8 tana tashi ka zaɓi Safe Mode. A can direban modem ba ya tashi, sai ka samu damar danna masa Disable ka yi aikinka a natse.

Mu koma ga wancan da na ce ka riƙe. Idan sai lokacin kira take ƙamewa, shiga Power Options ka mayar da tsarin wuta zuwa Always On, ka gwada da caja a jiki. Tun da furosesa ke yin aikin modem, idan laftof ta rage masa gudu don tattalin batir a tsakiyar kira, raunanan direbobi sukan ruɗe. Ka kuma taɓa gefen da iska ke fita. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, kuma laftof mai shekara kusan ashirin da ba a taɓa buɗe ta an share ba tana iya ƙamewa da ɗan ƙaramin nauyi.

Ka bincika kuma wane soket kuke jonawa. Idan ofishin na da na'urar rarraba layuka zuwa ɗakuna, wasu daga cikinsu na dijital ne, kuma wutar da ke cikinsu na iya ƙona modem. Haka tsawa a damina: ta waya take shigowa, don haka a cire waya daga laftof in hadari ya haɗo.

Idan ka yi duk wannan ba ta daina ba, allon ne ya tafi. Kashe shi a Device Manager ko a BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka sayi modem na waje. Amma ka tabbatar mai ƙwaƙwalwarsa ne, kamar USRobotics 5637 mai shiga ta USB, domin akwai na USB masu araha da su ma softmodem ne, sai ka sayo ciwon da ka gudu. Ita kuma wannan laftof, a bar ta a aikin faks kawai. Microsoft ta daina ba XP kariya tun 8 ga Afrilu 2014, kada a hau intanet da ita, balle a buɗe asusun banki.

Tambaya: Injiniya barka da aiki. Ni 'yar Kano ce mai zama a Amurka. Ina aika takardun asibitin mahaifiyata ta faks daga kwamfutar gida mai Windows 10. Ba ta ƙamewa, amma bayan wani sabuntawa modem ɗin ya daina aiki gaba ɗaya. In cire sabuntawar ne?

Amsa: Barka kadai Hajiya, Allah ya ba Mama lafiya. Duba Hardware Ids kamar yadda na faɗa a sama. Idan na Agere ne, to mai yiwuwa ba lalacewa ya yi ba, cire direbansa aka yi. A sabuntawar Oktoba 2025 Microsoft ta fitar da wani tsohon direba mai suna ltmdm64.sys daga cikin Windows, saboda an gano masa kafar da masu kutse ke bi su ƙwace ikon kwamfuta, kuma an riga an ga ana amfani da ita. Lambar kafar CVE-2025-24990. Abin da ya sa ta yi muni shi ne a lokacin direban yana cikin Windows ko mutum na da modem ko ba shi da shi.

Ban yarda ki cire sabuntawar ba, kuma kada ki sauko da wannan fayil daga shafukan da ke tallan direbobi kyauta. Kwamfutar da ke ɗauke da bayanan lafiyar mahaifiyarki ba wurin buɗe irin wannan ƙofa ba ce. Ki sayi modem na USB mai ƙwaƙwalwarsa, ko ki duba firintarki, da yawansu suna da faks a jiki, sai dai a jona musu waya. Ki kuma tambayi asibitin ko suna karɓar takardu ta shafinsu na marasa lafiya. Sannan ki sani Windows 10 ita ma wa'adinta ya cika a 14 ga Oktoba 2025. In kwamfutar za ta ɗauki Windows 11, ki koma.

Tambaya: Salam. Ni ɗalibi ne a Zariya. Nawa modem ɗin na sa layi ne, mai kama da filashi. Da na soka shi sai laftof ta tsaya cak. Da wannan da na tarho duk ɗaya ne?

Amsa: Wa alaikas salam ɗan'uwa. Dangi ne. Da yawa daga cikin waɗannan modem na 3G, irin na Huawei da ZTE, a idon Windows kamar modem na tarho suke, har lamba suke bugawa, *99#, kamar yadda na CDMA na zamanin Starcomms da Multi-Links ke buga #777. Bambancin shi ne naka yana da ƙwaƙwalwarsa, don haka matsalar ta fi zuwa daga wasu wurare biyu.

Na farko, cunkoso. Kowane modem da aka taɓa sokawa yana barin manhajarsa da direbobinsa. Laftof ɗin ɗalibi kuwa, wanda abokai ke aro, sai ka tarar da manhajar kamfanoni uku ko huɗu suna rububin na'ura ɗaya. Cire modem ɗin, ka cire dukkansu ta Programs and Features, ka sake kunnawa, sannan ka soka naka kaɗai ka bar shi ya sa tasa.

Na biyu, wuta. Waɗannan na'urori suna jan wuta sosai, musamman inda sabis ke da rauni. Kada ka bi da shi ta doguwar waya ko mahaɗar USB mai baki da yawa, soka shi kai tsaye, ka gwada kowane rami. A Power Options, cikin Advanced settings, kashe USB selective suspend. In kana son sanin ko modem ɗin ne ya lalace, gwada shi a laftof ɗin abokinka: in ita ma ta tsaya, shi ne.

Kafin ka gama wannan binciken, sa layin a wayarka ka kunna hotspot, ko ka jona ta da kebul ka zaɓi USB tethering. Idan wayar na da 4G, za ka ga ta fi tsohon modem ɗin gudu, kuma a Windows 10 ko 11 ba sai ka sa wata manhaja ba.