Amsa ga mai son sayen gonar kanwa don ciyawa

Wani ɗan uwa mai sayar da harawa daga wajen Dadin Kowa ya turo min tambaya, wai an yi masa tayin wata gona da araha, ƙasar tana fitar da farin gishiri kamar an watsa toka, masara ba ta yi, amma kiri-kiri na nan kore shar har cikin rani. Yana so ya zuba jarinsa ya saya ya riƙa yanka yana sayar wa masu turke.

Toh ɗan uwa, gaskiya idonka ya gani daidai, kiri-kiri tana jure gishiri kuma ba a shuka ta duk shekara, jijiya take yi tana bin ƙasa, ka yanka ta sake tohowa. Amma don Allah kar ka saya yanzu. Ka karɓi haya na shekara ɗaya tukuna.

Dalili na shi ne kiri-kiri gajeriya ce, sai yaro ya wuni yana yanka da lauje kafin ya cika buhu biyu uku, in ta bushe kuma ta ƙara shanyewa, kuɗin leburan da na mota zuwa Gombe kaɗai na iya cinye ribar. Kuma kai ma ka sani mai ragon layya harawar wake da ta gyaɗa yake nema, ita yake ba kuɗi ba gardama, ciyawa cike ce kawai.

Ka yanko dami 10 kafin ta yi fure, ka shanya a inuwa don kar korenta ya tafi, ka kai wa kwastomominka na kullum ka ji nawa za su taya da bakinsu. Ka rubuta duk abin da ka kashe, har kuɗin igiya.

In ka ga da haske sai ka gwada ciyawar Rodes a gefe guda, ita ma tana jure gishiri kuma ta fi tsayi, ka tuntuɓi cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika a Zariya kan iri.

Babban jarinka kuwa ka bar shi a harawa, ka saya da kaka lokacin da take banza, ka ɗora kan rumfa nesa da gara da yoyo, ka fito da ita Maris zuwa Mayu. Kashi ɗaya cikin biyar ya isa gwajin gonar nan, Allah Ya sa albarka.