Me ya sa aka yi wa Kaka rawa?

'Yata, saƙonki ya iso, kuma gara da kika tambaya da ki bar abin yana cin ki a rai. Kin ce ranar jana'izar Kaka a Zuru ranki ya ɓaci da kika ga matan zumuntar coci sun sha ɗamara suna buga tulu da caki suna taka rawa, ke kuwa idonki bai bushe ba. Kin ce kuma da kika koma Aliero, abokiyar ɗakinki Musulma ta tambaye ki wace irin Aljanna Kirista ke sa rai da ita har ake rawa a gidan mutuwa, kika rasa ta cewa.

Rawar nan ta girmi coci a ƙasarmu. Tun kafin zuwan 'yan mishan, kakanninmu ba sa binne tsohon da ya ga jikoki yadda ake binne yaro. Akan yi masa kiɗa, a ambaci nomansa da kokawarsa da farautarsa, a jera tukwanen yumɓu a kan kabarinsa, ginin mata, wasu da siffar dabbobi. Da bishara ta zauna, masu bi suka bar tukwanen da tsafin, amma murnar cewa mutum ya gama aikinsa lafiya ba ta tafi ba, sai ma ta samu sabon tushe. Bulus ya ce wa Tasalonikawa kada su yi baƙin ciki kamar marasa bege (1 Tasalonikawa 4:13). Bai hana kuka ba. Yesu da kansa ya zub da hawaye a kabarin Li'azaru. Cikin matan da kika ga suna rawa, akwai waɗanda suka kwana suna kuka a bayan rumbu.

Sai maganar Firdausi. Littafi Mai Tsarki ya fara ta da gona: gonar Adnin, mai kogi da ya rabu huɗu, biyu daga ciki, Taigiris da Yufiretis, suna ratsa Iraƙi har gobe. Abin da masu wa'azi kan tsallake shi ne Farawa 2:15, inda Allah ya sa mutum a gonar domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta. Wato aiki ya riga zunubi. Abin da faɗuwar Adamu ta jawo shi ne ƙaya da sarƙaƙiya da cin abinci da zufar goshi. Saboda haka ni ban yarda da Firdausin 'yan zaman kashe wando ba. Kin san Kaka, ko zazzaɓi take yi sai ta jawo faifai tana tsince wake. A ce mata ta miƙe ƙafa har abada, ai horo ne.

Na biyu, gicciye. Ɗaya daga cikin 'yan fashin da aka gicciye tare da Yesu ya roƙe shi ya tuna da shi, sai Yesu ya ce masa yau ɗin nan zai kasance tare da shi a Firdausi (Luka 23:43). Littafin bai ce mutumin nan ya yi baftisma ko ya taɓa ba da baiko a wurin sujada ba, hannuwansa a kafe suke, ko aikin kirki ɗaya ba shi da sauran damar yi. Kuma duba abin da aka yi masa alkawari: ba a lissafa masa abinci ko gida ba, "tare da ni" kawai. A ganina nan ne gindin maganar, sauran rassa ne.

Ƙarshen Littafin ya komo da gonar, amma a cikin birni. A Ru'ya ta Yohanna sura 21 da 22, sabuwar Urushalima ce ke saukowa, ga sabuwar sama da sabuwar ƙasa, ga kogin ruwan rai, ga itacen rai yana 'ya'ya kowane wata, sau 12, ganyensa na warkar da al'ummai. Babu mutuwa, babu makoki. Begen Kirista bai tsaya ga rai ya tashi sama ba, har da tashin jiki. Shi ya sa Bulus ya kwatanta binnewa da shuka a 1 Korintiyawa 15. Wadda ta taɓa tona rami ta jefa dawa ta take da diddige ba ta bukatar fasto ya fassara mata wannan.

Yanzu ga abin da shekaru suka nuna mini game da halin ɗan Adam. Kowa da yunwarsa yake zana Firdausi. Mai ciwon gwiwa yana ganin wurin da zai yi gudu. Gwauruwa tana ganin maigidanta. Bara wata mata da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensu a yankin Danko-Wasagu ta zauna kusa da ni a sujada. Aka karanta Ishaya 65, inda aka ce za su gina gidaje su zauna a ciki, ba za su shuka wani ya ci ba. Sai ta kama hannuna ta matse, har farcenta ya bar mini shaida. Dawarta ta nuna a gona, ba ta isa ta je ta yanka ba. Wa zai ce mata begenta ya cika son duniya? Annabawan da kansu da irin wannan harshe suka yi magana.

Sai dai yunwar ba ta ƙarewa da abin da muka roƙa. Saurayi ya yi shekara bakwai yana golmo, wato noman neman aure, a gonar surukai, yana cewa in ya samu matar shi ke nan. Ya samu, sai rufin kwano, sai babur, sai fili a Birnin Kebbi. Mai Hadishi 3:11 ya ce Allah ya sa dawwama a zuciyar mutum. Agustin, bishop ɗin Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya ce zuciyarmu ba ta samun natsuwa sai ta huta ga Allah. Shi ma sai da ya gwada suna da mata da ilimi tukuna. Wannan ne ya sa nake ƙyamar masu wa'azin da ke cewa ka kawo kuɗi a buɗe maka Firdausi tun a nan. Da yunwar talaka suke kasuwanci.

Abokiyarki kuwa, ki amsa mata da ladabi. Musulmi ma sun san gonaki da ƙoramu na gudana a ƙarƙashinsu, kuma Firdausi a wurinsu ita ce mafi ɗaukakar Aljanna. Kada ki ɓoye inda muka rabu: mu mun dogara ga alherin Almasihu ne don shiga, kuma Yesu ya ce a tashin matattu ba a aure, ba a aurarwa (Matiyu 22:30). Ko a tsakaninmu ba baki ɗaya ba ne. 'Yan Katolika suna yi wa matattu addu'a, har suna da ranar 2 ga Nuwamba don haka, mu a cocinmu na UMCA ba ma yi, godiya muke yi saboda rayuwar mamaci.

Abu ɗaya kada ki ruɗe: rawar ta tsofaffi ce. In yaro ko mai jego ta rasu, ba a taka ƙafa, waƙar ma a hankali ake yin ta. In kin shiga irin wannan gida, kada ki ce wa uwar ta daina kuka wai ɗanta yana Firdausi, ta san da haka. Ki gaishe ta da haƙuri, ki duba randa ko da ruwa, ki ga ko yaran gidan sun ci abinci.

Ki gaida abokiyar taki. In an yi hutu ki zo da ita.

Gwaggonki