Ina son zagaya ƙananan filayen tseren mota a Amurka, amma aljihuna ba nauyi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a wata jami'a a gabashin Amurka, shekaruna 23. Na daɗe ina kallon tseren mota a talabijin, amma da na duba kuɗin shiga manyan tseren NASCAR, babbar ƙungiyar tseren mota ta Amurka, da kuɗin otal sai jikina ya yi sanyi. Na ji an ce akwai ƙananan filaye a bayan gari da ake tsere a cikinsu kowane mako. Ina da hutun kamar kwana goma tsakanin ƙarshen Yuni da farkon Yuli, ba ni da mota, abin da na tara kuma bai taka kara ya karya ba. Ta ina zan fara, kuma ina ne kuɗi ya fi zurarewa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wanda ya ba ka wannan labari gaskiya ya faɗa maka. Akwai ɗaruruwan irin waɗannan filaye a Amurka, wasu na laka wasu na kwalta, zagayen yawancinsu tsakanin rubu'in mil ne da rabin mil, wato mita 400 zuwa 800. Galibi daren Juma'a ko na Asabar ake tsere, daga Afrilu zuwa Satumba. A ganina ma nan ne ainihin tseren yake, domin daga inda kake zaune kana ganin filin gaba ɗaya, kuma direban da ya gama tsere shi ne zai fito ya kama sifana da hannunsa.

Tikiti ba shi zai ci maka kuɗi ba. A daren da ba na musamman ba, kuɗin ƙofa yakan kama daga dala 10 zuwa 20, wasu filayen ma suna rage wa ɗalibi idan ya nuna katin makaranta. Hanya da makwanci su ne masu cinye guzuri. Wanda ya ce sai ya ga shahararren fili a Iowa, ya ga wani a Ohio, ya gangara North Carolina duk cikin kwana goma, to a gidan mai da otal zai ƙarar da kuɗinsa, rabin hutunsa kuma a kan sitiyari. Ka zaɓi yanki guda da filaye suka taru, ka kafa sansani a wuri ɗaya, kullum ka fita da la'asar ka dawo da dare.

Tunda kana gabas, kuma ga lokacin da hutunka ya faɗa, shawarata ita ce tsakiyar jihar Pennsylvania, kewayen birnin Harrisburg. Jirgin ƙasa na Amtrak yana zuwa Harrisburg daga New York da Philadelphia. Dab da birnin, kusa da Mechanicsburg, akwai Williams Grove Speedway da aka buɗe a 1939, filin laka na rabin mil, ranar Juma'a yake tsere. Yana da wata gadar ƙafa da ta tsallake saman hanyar tseren zuwa tsakiyar fili, kowa da ita yake gane shi a hoto. Ranar Asabar kana da zaɓi: Lincoln Speedway a Abbottstown ta kudu, wanda ya fi guntu, ko Port Royal Speedway ta arewa maso yamma, wanda ke cikin filin baje-kolin gundumar Juniata, a jikin garin kansa. Ga kuma filayen Selinsgrove da BAPS. Duk waɗannan ba su wuce tafiyar sa'a ɗaya ko ɗoriya kaɗan daga Harrisburg ba. Sa'arka kuma ita ce a ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli ake yin Pennsylvania Speedweek, inda direbobi ke tashi daga wannan fili zuwa wancan dare bayan dare har sama da mako guda. Tikitin waɗannan darare ya fi na kullum tsada, amma mutum yana ganin filaye da yawa a hayar mota guda, ba tare da ya zauna jiran Juma'a mai zuwa ba. Ba dole sai ka je kowane dare ba. Ka zaɓi huɗu ko biyar, sauran ka huta.

Akwai irin wannan mako a Ohio a watan Yuni, da kuma Indiana Sprint Week na ƙungiyar USAC a watan Yuli, wanda ke bi ta filaye kamar Kokomo, Bloomington, Terre Haute da Haubstadt. Na ambace su ne saboda wani karon.

Abin da zan hana ka shi ne manyan bukukuwa na shekara-shekara, duk da su ne ake ta yi musu talla. Ɗauki Knoxville Nationals a jihar Iowa, da aka fara a 1961, ake kuma yi a watan Agusta. Mazauna garin Knoxville ba su kai 8,000 ba, amma daren ƙarshe kaɗai sama da mutum 20,000 ke cika kujeru. Ɗakunan kwana tun watanni kafin lokacin ake kame su, farashi kuma ya tashi. Fili ɗaya ne, laka ɗaya ce, idan ka je wata Asabar ta yau da kullum a watan Yuni. Kuɗin ƙofa kaɗan, wurin zama sai ka zaɓa, ga gidan tarihin motocin sprint, ƙananan motocin tseren laka, a jikin filin ka shiga da rana ba cunkoso. Haka Eldora Speedway a Ohio, wanda Earl Baltes ya gina a 1954, shahararren direban NASCAR Tony Stewart ya saya a 2004: lokacin manyan tserensa, Kings Royal ko World 100, wurin ba masaka tsinke, kuma karkara ce, otal ba kusa ba. Waɗannan ka bar su sai ka fara ɗaukar albashi.

Maganar mota ba makawa. Bas ba ya zuwa yawancin waɗannan wurare, tsere yakan ƙare ƙarfe goma ko sha ɗaya na dare, wani lokaci ya wuce, kuma a wannan sa'a a tsakiyar gonakin masara ba za ka dogara da Uber ba. Fili ɗaya da zan iya ce maka ana zuwa ba mota shi ne Bowman Gray Stadium, domin yana cikin birnin Winston-Salem a North Carolina. Rubu'in mil ne na kwalta da ya kewaye filin ƙwallo, ana tseren NASCAR na mako-mako a cikinsa tun 1949, daren Asabar. Amma wannan tafiya ce daban.

Shekarunka 23 za su ja maka ƙarin kuɗi, domin kamfanonin haya suna ɗora wa wanda bai kai 25 ba wani caji na kowace rana, kuma a kwana goma yakan taru ya yi yawa. Saboda haka kada ka ɗauki motar tsawon hutun duka. Ka daidaita dararen da za ka je su zo a jere, ka yi hayar kwana biyar ko shida. Ka ɗauka a ofishin cikin gari maimakon filin jirgi, inda ake ƙara haraji iri-iri, kuma ka mayar da ita inda ka ɗauko ta, don ajiye mota a wani gari daban yana da nasa cajin. Yawanci katin kiredit suke so. Ka tambaya a rubuce ko lasisinka ya wadatar, kuma kada ka yi wasa da inshora don neman sauƙi. Idan ka samu abokai biyu ko uku kuka raba kuɗin haya da na mai, kusan rabin matsalarka ta kau, musamman in akwai wanda ya haura 25 a cikinku ya zama shi ne mai tuƙi.

Makwanci kuwa, mafi arha shi ne tanti. Filaye da dama suna barin 'yan kallo su kwana a harabarsu, wasu kyauta wasu da ɗan abin da ba a rasa ba, sai dai ka buga waya ka tambaya domin kowane fili da dokarsa. Gandun shaƙatawa na jiha ma suna da wurin kafa tanti da banɗaki da wurin wanka, kuɗinsu bai kai na otal ba, amma makon 4 ga Yuli hutun ƙasa ne, ka kama wuri da wuri. In otal za ka kama, ka nemi wanda za ka iya sokewa ba tare da asara ba. Kuma don Allah idan barci ya kama ka a hanyar dawowa ka tsaya. Hanyoyin karkarar Pennsylvania cike suke da barewa da dare, jihar tana cikin waɗanda aka fi karo da su, motar kuma ta haya ce.

Yanzu ga abin da ya fi ɓata wa matafiyi mai ƙaramin ƙarfi lissafi: ruwan sama. A zagayayyen fili ba a tsere cikin ruwa, na kwalta ne ko na laka. Na laka ma ya fi wuyar sha'ani, domin ko da rana ta fito da azahar, in ƙasar ta sha ruwa ta koshi da safe, ko wurin ajiye motoci ya zama taɓo, sai a soke. Wani lokaci kuma yayyafin safe alheri ne, laka ta riƙe danshi, ƙura ta kwanta, motoci su samu kamu. Ba ka da yadda za ka san wanne ne daga nesa, sai ta shafin Facebook na filin, nan ne suke fara sanarwa, ko manhajar MyRacePass da filaye da yawa ke sa jadawali da sakamako a ciki. Ka duba kafin ka tada mota, ka sake dubawa a hanya. Nan ne amfanin zama a yankin da filaye suka yi yawa yake fitowa: in an soke a Lincoln, wataƙila Port Royal bai ga ko ɗigo ba, sai ka juya. Kada ka sayi tikiti tun kafin rana sai in dole. In kuma ruwa ya sauko kuna ciki, ka adana guntun tikitinka ko abin da aka ɗaura maka a hannu, domin yawancin filaye ba sa mayar da kuɗi, sai dai su bar ka ka shiga da shi wani dare. Ga mazaunin garin wannan ba komai, amma kai baƙo ne, shi ya sa nake so ka sa filin da ka fi ƙwallafa rai a kansa a farkon tafiya, ka bar kwana ɗaya ko biyu a ƙarshe ba tare da shiri ba.

Ka isa fili da wuri. Za ka tarar da tankar ruwa tana zagayawa tana jiƙa laka, manyan motoci na bi suna danne ta, kuma wannan aiki shi ke yanke yadda daren zai kasance. Daga nan a yi zagayen ɗumama inji, a ɗauki lokacin kowa, a yi gajerun tsere na tantancewa, sai na waɗanda suka rage suna neman gurbi, sannan babban tsere na ƙarshe, galibi zagaye 25 ko 30. Motocin da za ka fi gani a yankin su ne na sprint, masu ƙaton fiffike a ka. Injinsu ya kai lita 6.7, ƙarfinsa kamar doki 900, nauyin motar har da direba wajen kilo 650 kacal. Ba su da sitata, ba su da giya irin ta motar gida, don an cire duk abin da zai ƙara nauyi. Sai wata a-kori-kura ta zo ta sa hanci a bayan motar ta tura ta, ka ji injin ya yi tari sau biyu sannan ya kama da ƙarar da za ka ji ta a ƙirjinka. Ka lura da tayoyin baya: ta dama ta fi ta hagu girma, da gangan, don motar ta riƙa karkata hagu da kanta. Direba yakan shiga kwana a karkace, gindin mota na zamewa waje, taya na watso laka.

Wannan lakar kuwa kan 'yan kallo take sauka. Ka hau can saman benci ka zauna, nan ƙura da guntayen laka suka fi sauƙi, kuma nan ake ganin fili sosai. Ka zo da tabarau mai fari na kare ido, da abin toshe kunne, duka biyun arha ne a kantin kayan gini, da rigar da ba ka ji da ita, da ta sanyi domin dare kan huce. Ka riƙe tsabar kuɗi, har yanzu akwai ƙofofin da ba sa karɓar kati. Wurare da yawa suna barin ƙaramar kula ta abinci da ruwa muddin ba kwalba a ciki, wasu kuma sun hana sam, wannan ma a waya ɗaya za ka ji.

Akwai tikiti na biyu, na shiga sansanin direbobi da makanikai, wanda yakan ninka na ƙofa ko ya fi. Za a sa ka sa hannu a takardar cewa ka shiga da yardarka, wasu wurare kuma sai da rufaffen takalmi. Ka saya sau ɗaya a duk tafiyar, ya cancanci kuɗinsa, ka ga yadda ake auna iskar taya da sauya kusurwar fiffike tsakanin tsere da tsere. Sauran darare ka haƙura, domin a filaye da yawa da zarar an kaɗa tutar ƙarshe ana buɗe ƙofar sansanin kowa ya shiga kyauta. A can ka yi hattara, motoci na wucewa ba fitila, kada ka tsaya a bakin hanya kana duba waya. Direbobin mutane ne masu sauƙin kai, ka gaisa ka yi tambaya za su amsa. In wani abu ya rage a aljihunka, ka sayi riga a bayan tirelar ɗaya daga cikin ƙananan direbobin; yawancinsu ma'aikata ne da rana, kuɗin rigar nan taya da mai yake zama.

Wani abu kuma, kada ka dogara da tsohon jerin filaye da ka gani a intanet. Ƙananan filaye suna rufewa, ana sayar da filin a yi gidaje ko rumbunan kaya, wasu kuma ƙorafin maƙwabta kan ƙara ne ke kai su ƙasa. Myrtle Beach Speedway a South Carolina ya rufe a 2020, Irwindale a California ya bi baya a Disambar 2024. Wasu ba su rufe ba amma sun sauya rana ko sun rage tsere zuwa sau ɗaya a wata. Kafin ka biya ko sisi na hayar mota ko wurin tanti, ka ga jadawalin bana da idonka a shafin kowane fili, ka rubuta ranakun a takarda, sannan ka gina sauran shirin a kansu.