Mai binciken kuɗi bai tsaya ga littafina ba, ko zargina yake yi?

Tambaya: Na nemi rance a banki, suka ce sai an binciki lissafin kasuwancina. Na miƙa wa mai binciken littattafaina, komai a rubuce. Amma ya ce sai ya rubuta wa bankina da kansa, ya tuntuɓi waɗanda nake bi bashi, a kuma ƙirga kayan sito a gabansa. Ko gani yake ƙarya nake yi?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, wannan mutumin aikinsa ya sani. Da ya karɓi littafinka ya sa hannu ya tafi, a nan ne zan ce ka yi asarar kuɗin da ka biya shi.

Littafinka maganarka ce. Shi kuwa sunansa zai sa a takarda cewa lissafin nan sahihi ne, banki ya dogara da ita ya saki kuɗi. Ƙa'idar aikinsu ta duniya mai lamba ISA 500 ta wajabta masa ya tara hujja isasshiya, kuma ingantacciya. Hujjoji ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wasiƙar da banki ya aiko masa kai tsaye ta fi wadda ta bi ta hannunka, rasit na asali ya fi kwafi, rubutu ya fi maganar baki. Abin da ya ƙirga da idonsa kuwa, gani ya kori ji.

Wuya aka sha kafin a kai ga haka. A 1938 aka gano kamfanin McKesson & Robbins na Amurka ya rubuta kaya da basussukan da yake bi na kusan dala miliyan 19 waɗanda babu su sam, kuma masu bincikensa ba su je sun ƙirga kayan ba. Bayan wannan ne halartar ƙirga kaya da tuntuɓar waɗanda ake bi bashi suka zama dole a Amurka. A 2020 ma, kamfanin Wirecard na Jamus ya durƙushe kan yuro biliyan 1.9 da aka ce suna bankunan Filifin, bankunan suka ce takardun na bogi ne.

Kai ma kana da riba a ciki, don sau da yawa a wajen ƙirgar nan ake gano kayan da suka salwanta mai shi bai sani ba.

Ka ba bankinka izinin amsa masa, ka sanar da waɗanda kake bi bashi wasiƙa na tafe, ka jera rasitai wata-wata. Kada ka hana shi ko ɗaya. In hujja ta gaza, dole ya faɗa a rahotonsa, kuma bankin da kake neman rancensa zai karanta.