Amsoshin tambayoyinku: kayan haihuwa, ruwan nono da maganin haƙori

Tambaya: Maiɗakina na da cikin wata takwas, kuma hannuna ba nauyi. Me zan fara saya? (Magidanci daga Funtuwa)

Amsa: Malam, fara da gidan sauro mai magani, wanda sau da yawa ana ba masu zuwa awo kyauta a asibitin gwamnati. Sai kulohekzidin, maganin da ake shafa wa cibiya, don kada a kai ga gashi da tsumma ko shafa man goge baki. A kula kada ya taɓa idon jariri. Rigunan auduga, ko na gwanjo ne, sun wadatar idan an wanke an shanya a rana. Hoda da turare ka bar su a shago, ƙurar hoda tana shiga ƙirjin yaro. Abin da ya rage ka ɓoye shi kuɗin mota na daren naƙuda.

Tambaya: Haihuwata ta fari ce, wata biyu ke nan. Kullum yaron yana kuka, surukata ta ce nonona ba ya isarsa, in ba shi ruwa da madarar gwangwani. Ko barci ba na iya yi don damuwa. (Mai jego daga Maraɗi)

Amsa: Sannu 'yata, kwantar da hankalinki. Idan yana jiƙa nafkin kamar sau 6 a kwana guda, kuma nauyinsa na ƙaruwa a wurin awo, nononki yana isarsa. Yawan tsotso ne ke kawo ruwan nono, don haka ki ba shi duk lokacin da ya nema, dare da rana. Har ya cika wata 6 ba ya buƙatar ruwa, ko a zafin bazara. Gwangwanin madara ba ya jimawa, kin kuma san farashinsa. Idan kuɗi suka gaza sai a fara tsinka ta da ruwa, yaro ya rame, ga gudawa daga bulumbotin da bai wanku ba. Ki tafi da Hajiya wurin awo, ta ji daga bakin ma'aikaciyar jinya, zai fi miki sauƙi.

Tambaya: 'Yata mai wata bakwai tana gudawa da zazzaɓi, haƙori ne. Wane maganin haƙori ya fi kyau a kemis? (Uwa daga Kaduna)

Amsa: Babu ko ɗaya, kuma wa ya tabbatar miki haƙori ne? Fitar haƙori takan kawo dalalar miyau, ƙaiƙayin dasashi da rigima. Ba ta kawo gudawa da jiki rau. Abin da ke faruwa shi ne a watannin nan yaro ke fara rarrafe, duk abin da ya tsinta sai baki. Ana cewa "ai haƙori ne", zazzaɓin cizon sauro na cin yaro a ɗaki.

Wannan ɗabi'a ta ɗura wa jarirai duk kwalbar da aka gani tana ci mini tuwo a ƙwarya. A ƙarshen 2008 maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da wani sinadari mai guba, ya lalata ƙodar yara a Legas da Ibadan da Zariya. Fitsari ya ɗauke musu, aƙalla 84 suka rasu. A 2022 irin wannan guba a magungunan tari ta kashe yara kusan 70 a Gambiya. Iyayen nan da kuɗinsu suka saya, don ƙaunar 'ya'yansu. Duk da haka har yau mai talla na yawo da kwalabe a faranti cikin tsakar rana, mu kuma muna miƙa kuɗi saboda ya fi araha. Wata ma ragowar maganin ɗan maƙwabciya take karɓowa. Idan likita ya rubuta magani, a saya a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, da ranar ƙarewar aiki, idan akwai wurin kankarewa a jikin kwalin a kankare a tura lambar ta saƙon waya don a tabbatar ba jabu ba ne.

Ke kuwa yau ɗin nan ki haɗa mata ruwan gishiri da sukari na leda, wato ORS, da ƙwayar zinki ta kwana 10, ki ci gaba da ba ta nono, ki kai ta a gwada jininta. Idan idonta ya faɗa, ko maɗigarta ta lotsa, ko ta ƙi kama nono, kada ki jira gari ya waye.

Tambaya: Wane keken koyon tafiya ya fi sa yaro saurin tafiya? Ɗan kishiyata ya riga nawa. (Daga Bauchi)

Amsa: Haba baiwar Allah, gasa ake yi? Keken ba ya koya wa yaro tafiya, sai dai ya kai shi bakin murhu ko ya kifar da shi a dakali. Shimfiɗa masa tabarma ki bar shi ya dafa bango. Idan ya kai wata 18 bai taka ba, ki kai shi asibiti a duba.