Ga mai tambayar ko ya sayi mota yanzu ko ya jira farashi ya sauka

Wa'alaikumussalam Malam. Na ga tambayarka tun jiya, ka ce ka tara miliyan bakwai, aikinka a cikin Gombe iyali kuma suna Kumo, wai ka sayi Corolla 'yar Beljiyam, wato tsohuwar da aka shigo da ita daga waje, yanzu ko ka ɗan dakata tunda ana cewa dala ta fara sauka kuma hauhawar farashi ta lafa. Da yawa sun ce maka ka jira. Ni gaskiya ban ga abin jira ba, kuma na daɗe a harkar nan, tun ina yaron gareji har na koma dillanci, to bari in gaya maka yadda nake ganin abin.

Motar da ake shigowa da ita sau biyu dala take shiga kuɗinta. Na farko wajen sayen ta a gwanjon Amurka da kuɗin jirgin ruwa zuwa Tin Can a Legas, na biyu wajen kwastan, don su ma da dala suke ƙiyasta darajar motar sannan su juya zuwa naira su yanka maka diyuti. Kafin watan Yunin 2023 dalar gwamnati tana wajen naira 460 ne, da aka sake ta kuwa, zuwa farkon 2024 sai da ta haura 1,500, kaga kenan ko motar ba ta ƙara ko sisi a can waje ba, a nan kuɗinta ya ninka wajen sau uku. Kuma ba diyuti kaɗai bane, akwai harajin motoci a kai, ga VAT kashi 7.5, ga kuɗin tasha, ga na ejan mai fito da ita, sannan a ɗauko ta daga Legas zuwa nan da man da aka cire wa tallafi tun 29 ga Mayun 2023. Tun 2022 ma kwastan suka koma amfani da lambar shasi, kwamfuta ce take faɗin kuɗin. Hanyar Kwatano kuma da iyayen gidanmu suka ci abinci da ita, tun Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa.

Toh wanne daga cikin waɗannan kake jira ya sauka? Ko dala ta ɗan yi ƙasa, dilan da ya kawo motarsa lokacin tana sama ba zai sayar da faɗuwa ba, gara ya bar ta a fili tana shan ƙura yaro yana goge ta kullum da safe. Maganar hauhawar farashi kuma mutane ba su gane ta ba ne. A Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ce ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, in daga baya aka ce lambar ta sauko ba ana nufin kaya sun yi araha bane, saurin tashin ne ya ragu, amma tashin yana nan. Miliyan bakwai ɗinka da ke kwance a banki ita ce take raguwa. Ga kuma Trump da ya ɗora harajin kashi 25 kan motocin da ake shigarwa Amurka a Afrilun 2025, a ganina in sabuwa ta yi musu tsada za su ƙara riƙe tsofaffinsu ne, mu kuwa tsofaffin muke jira.

Abin da yake ci min rai a maganar harajin nan shi ne dalilin da ake ba mu. Tun tsarin motoci na 2013 zamanin Jonathan aka ce an tsauwala haraji ne don a kare masu haɗa mota a gida. To ina motar gidan da malamin makaranta zai iya saya? Duk wanda ya taso a Bauchi ya san Steyr, wurin da ake haɗa manyan motoci da taraktoci, mutane nawa suka ci abinci a wurin, yau je ka gani. A da a Kaduna ana fitar da Fijo 504 sabuwa dal ma'aikaci ya karɓi bashin mota ya saya, Kano ana haɗa manyan motocin Fiat. Ban ƙi a kare na gida ba wallahi, Innoson yana ƙoƙari a Nnewi, amma in za a karɓi kuɗin nan daga hannun talaka a ga wuta a masana'anta, a ga bashin mota mai sauƙin ruwa. Ba a hana ni tsohuwa kuma sabuwar ta fi ƙarfina ba.

Mu dawo kanka. Da wannan kuɗin in ka dage sai Beljiyam, ko dai ka samu wadda ta tsufa sosai ko wadda aka kawo a daddage aka gyara ta a Legas aka fesa fenti, kuma ka tashi ba ko sisi a aljihu. Shawarata ka nemi 'yar gida mai tsafta, hannu ɗaya, irin ta ma'aikacin da ya lallaɓa abarsa, Corolla ko Vibe ko Matrix tunda injinsu kusan ɗaya ne kuma kowane bakanike a Gombe ya san kansa, kayan gyara in babu a nan gobe an saka maka a mota daga Ƙofar Ruwa a Kano. Ka ware aƙalla miliyan ɗaya kar ka taɓa ta, na taya da shokazoba da batir da juyen baƙin mai ne, zuwa Kumo duk sati sai da ƙafafu masu kyau.

Ranar duba mota ka je da bakanikenka, ba na mai motar ba, ba kuma wanda dillali ya kawo ba, ni dillali ne nake gaya maka. Ku je da sassafe inji yana sanyi, in ka taɓa bonet ka ji ɗumi to an riga an tayar da ita kafin ku zo, ka ce sai gobe. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe, in ka ga layin laka ko tsatsa a ƙarƙashin kujera motar ambaliya ce, wayarin ɗinta ba zai taɓa barin ka ka huta ba. Ka buɗe murfin baƙin mai, in ka ga fari-fari kamar madara ruwa yana haɗuwa da mai. A leƙa salansa a ga ko an cire indomi, wato abin da yake tace hayaƙi a cikin salansar, sannan a jona kwamfuta a karanta. Lambar tafiya da ke kan dashbod kar ka yarda da ita, ana mayar da ita baya, sitiyari da fedar birki su za su gaya maka gaskiya.

Sai takardun kwastan, dan Allah kar ka yi wasa da wannan. Na ga bawan Allah da aka sauke shi da matarsa da yara a kan hanya aka tafi da motar saboda takardar bogi ce, wanda ya sayar masa kuma ya kashe waya. Ofishin kwastan na shiyyarmu yana Bauchi, ka ɗauki kwafin takardun da lambar shasi a tantance maka kafin ka tura ko naira ɗaya, kuma a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu. In ka samu wadda ta kwanta maka ka turo hotonta da shekararta a nan, zan gaya maka iya abin da ya kamata ka taya. Allah ya sa a sayi rabo.