Ku Tambaya Mu Amsa: Sa'a, Lissafi da Zuciya a Wasan Poka na Intanet

Wasiƙun wannan fitowar duk sun karkata wuri guda, don haka muka tara su muka taƙaita. Kalmomi biyu za su riƙa dawowa. "Babban zubi" shi ne mafi girma cikin zubi biyu na dole da ake ajiyewa kafin a raba kati, kuma da shi ake auna ci da asara. "Kuɗin zama" shi ne abin da mutum ke zama da shi a tebur, galibi babban zubi 100.

Tambaya: A dare ɗaya sau uku ana raba mini as biyu, waɗanda suka fi kowane kati biyu ƙarfi a farkon rabo, ina zuba duk kuɗina, kuma duk ukun aka cinye ni. Biyu daga ciki mai sarki biyu ne ya kayar da ni. Anya ba murɗe rabon ake yi ba?

Amsa: Malam, mu fara da ƙidaya. A kati 52 akwai hanyoyi 1,326 da za a iya ba mutum kati biyu, shida ne kawai daga ciki as biyu. Wato sau ɗaya cikin rabo 221. Wanda ya buɗe tebur huɗu a intanet yakan ga kusan rabo 300 a awa guda, alhali a teburin da ake raba kati da hannu da ƙyar ake kai 30. Abin da wani zai gani a wata, kai a kwana uku ka gan shi, har da masifun ciki.

As biyu a gaban sarki biyu, idan an zuba duka kafin a buɗe katin tsakiya da kowa ke haɗawa da nasa, yana ci kusan kashi 82 cikin 100. Sauran 18 ɗin ba kuskuren na'ura ba ne, rabon abokin karawarka ne. Idan kuka yi irin wannan karo sau biyar, yiwuwar a kayar da kai aƙalla sau ɗaya ta kai kashi 63. Faɗuwa uku a jere tana da wuya, kamar sau 6 cikin 1,000, amma dubban mutane ne ke wasa a kowane dare, dole ta faɗa kan wani. Kuma zuciya ba ta riƙe lissafi da adalci: ranakun da as ɗinka suka ci ba ka rubuto mana ba.

Ba mu ce ba a taɓa yin maguɗi ba. A 2007 da 2008 an bankaɗo cewa wasu na ciki a shafukan Absolute Poker da UltimateBet suna leƙa katin abokan wasa. Amma ba haushin dare ɗaya ne ya tona asirin ba, 'yan wasa ne suka tara bayanan dubban hannaye (hannu shi ne rabo ɗaya da aka buga) suka nuna cewa irin wannan cin ba ya yiwuwa ga wanda ba ya ganin kati. Kai ma ka sauke tarihin wasanka. A hannu 50,000 ya kamata as biyu su zo maka wajen sau 226, ko sama kaɗan ko ƙasa kaɗan. Abin da ya fi cancantar sa ido shi ne mutum biyu da suka haɗa baki a tebur ɗaya, da kuma manhajar da ke wasa a madadin mutum.

Tambaya: Na buga hannu 10,000, ina cin babban zubi 8 a kowane hannu 100. Ina tunanin hawa teburin da ya fi tsada, har ma in mai da wasan sana'a. Me kuka gani?

Amsa: Ɗan'uwa, ka dakata tukuna. Wannan lambar ba ta faɗa maka abin da kake zaton ta faɗa ba.

A teburin mutum shida na nau'in pokar da ake kira Texas Hold'em marar iyakar zubi, gwargwadon yadda sakamako ke kauce wa matsakaici a kowane hannu 100 yakan kasance tsakanin babban zubi 80 da 100. Mu ɗauki 90. Hannu 10,000 rukuni 100 ke nan na hannu ɗari-ɗari, kuma kuskuren awo yana raguwa ne da tushen murabba'in adadin, wato a raba 90 da 10, a samu 9. Ma'ana, 8 ɗinka na iya ɓoye gwanin da ke cin 26, yana iya ɓoye wanda ke asarar 10. Mutumin da a haƙiƙa ba ya ci ba ya faɗuwa, sau ɗaya cikin biyar zai samu sakamako irin naka ko ma wanda ya fi shi a hannu 10,000.

Ka juya lissafin. Gwanin da ƙarfinsa na gaske 5 ne a hannu 100 ana sa ran ya tashi da babban zubi 500 bayan hannu 10,000, amma kaucewar ta kai 900. Kusan kashi 29 cikin 100 na irin wannan zangon zai ƙare shi da asara, ba tare da ya yi wani sabon kuskure ba. Sai an kai hannu 100,000 wannan yiwuwar ke sauka zuwa kusan kashi 4, kuma ko a nan kuskuren awon yana kusa da 3. Shi ya sa masana wasan ba sa sauraron alfaharin wata guda.

Akwai abin da zai ɗan rage maka duhu. Manhajojin bin diddigi irin su PokerTracker da Hold'em Manager suna zana layi biyu: abin da ka ci a zahiri, da abin da ya kamata ka ci a wuraren da aka zuba duka kafin kati ya ƙare. Idan layin zahiri ya yi sama da ɗayan da kuɗin zama shida ko bakwai, to yawancin ribarka aro ce daga sa'a. Sai dai kada ka ɗauki layin na biyu a matsayin alƙali. Ba ya ganin ranar da kake ta samun kati masu kyau, ba ya ganin sau nawa babban katinka ya yi karo da wanda ya fi shi.

Sannan kamasho. Mai shafin yana yankar wani abu daga kuɗin da 'yan wasa suka zuba a tsakiya, galibi wajen kashi 5 cikin 100 har zuwa wata iyaka, a gasa kuma wajen kashi 10 na kuɗin shiga. Tun da kuɗin da ke yawo a tebur na 'yan wasan ne kawai, kuma ana ta tsakura daga ciki, jimillarsu kullum asara suke. Bai isa ka fi abokan wasanka ba, sai ka fi su da tazarar da ta wuce kamashon.

Batun jari kuwa, ga abin da lissafin karyewa ke nunawa da wancan 90 ɗin. Mai cin 5 da ya riƙe kuɗin zama 20, yiwuwar jarinsa ya ƙare ƙaf ta kai kusan kashi 8 da rabi. Da kuɗin zama 40 tana komawa ƙasa da kashi 1. Mai cin 2 kawai, da kuɗin zama 20 yiwuwar kashi 37 ce, da 40 kuma 14. Wanda ba ya ci kwata-kwata, ko nawa ya tara zai ƙare, lokaci ne kawai. Don haka kada ka hau sai kana da aƙalla kuɗin zama 40 na sabon teburin, kuma ka rubuta tun yanzu cewa idan biyar suka tafi za ka sauko. A gasa abin ya fi muni, don wajen kashi 15 na mahalarta ne ke samun wani abu, manyan kuɗin kuma suna hannun 'yan ƙalilan na ƙarshe. Kuɗin shiga 100 shi ne mafi ƙaranci. Kowa ya san labarin Chris Moneymaker, akawun da ya samu gurbi ta intanet ya ci babbar gasar duniya a Las Vegas a 2003, dala miliyan 2.5. Mutum 839 ne suka shiga. Na sauran 838 ɗin ba a cika ba da labarinsu ba.

Maganar barin aiki, ba mu ga dalilinta a hannu 10,000 ba.

Tambaya: Ina wasa da natsuwa har sai an kayar da ni da katin banza. Daga nan sai in kasa jefar da kati, in riƙa bin kowa, abin da na tara a mako ya tafi a awa biyu. Na san kuskure ne ina yi. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, wannan shi 'yan wasan ke kira tilt, kuma ka riga ka faɗi jigon matsalar da bakinka: ka sani kana yi. Ilimi ba ya aiki a wannan lokacin. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna tun 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin riba mai girma ɗaya, daga baya suka ƙiyasta bambancin da kusan ninki biyu, kuma mutumin da ke cikin asara ya fi son kasada don ya dawo daidai. Saboda haka duk dokar da za ta cece ka sai an kafa ta kafin ka zauna, lokacin da kanka ke sanyi.

Ka yanke iyakar asara: kuɗin zama uku suka tafi, an tashi, ko teburin cike yake da marasa iyawa. Wasu za su ce wannan ba lissafi ba ne, kati ba ya sanin nawa ka faɗi. Gaskiya ne, amma kai ka sani, kuma kai ne ke danna maɓallin. Kada ka bar iyakar a cikin kanka kawai. Shafukan da ke da lasisi suna da wurin sa iyakar kuɗin da za a iya turawa a rana ko a mako. Ragewa takan fara aiki nan take, ƙarawa kuma sai an jira. Wannan jiran shi ne maganin.

Ka sa agogo, minti 60 zuwa 90, sannan ka tashi daga kujerar na minti goma. Ka rufe akwatin hira. Ka daina leƙa jimillar kuɗinka a tsakiyar wasa, domin daga lokacin da ka ga ka koma ƙasa da abin da ka fara da shi, ba kati kake bugawa ba, lambar kake bi.

Ka kuma koyi alamun jikinka, don suna riga tunani zuwa. Hannu ya fara danna amsa kafin ka gama karanta girman zubin. Muƙamuƙi ya ɗaure. Ka buɗe tebur na biyar ba da niyya ba. Ka fara neman mutum ɗaya da sunansa. Da zarar biyu sun bayyana, ka danna zama a gefe a dukkan tebura, ba sai hannun gaba ba.

Washegari, ba a daren ba, ka ɗauko hannaye biyar mafiya girma ka auna shawarar, ka rufe sakamakon. Ga misali. Saura kati ɗaya a buɗe, akwai 100 a tsakiya, abokin wasa ya zuba ragowar 50 ɗinsa. Za ka biya 50 don neman 150, wato kana bukatar ci kashi 25 cikin 100. Kana da kati huɗu masu alama ɗaya kana jiran na biyar: kati 9 ne za su cece ka cikin 46 da ba ka gani ba, bai kai kashi 20 ba. Jefarwa ita ce daidai. Idan ka bi kuma katin ya zo, ka rubuta shi a layin kuskure duk da ka kwashe kuɗin. Irin wannan cin ya fi asara ɓata ɗan wasa, don yana koya masa abin da ba daidai ba yana kuma biyan sa. Akwai ma tilt na nasara, inda mutum ya ci kuɗin zama huɗu ya fara ganin komai ya taɓa zai zama zinariya. Agogon nan shi ne ke kama wannan.

Tambaya: Kwana goma ina faɗuwa. Ai sa'ata ta kusa juyawa, in ninka teburin in fanshe?

Amsa: A'a. Ana sake cakuɗa katin a kowane rabo, ba ya bin ka bashi, ba ka bin sa. Ninka tebur yana ninka girman asarar da za ta iya zuwa, ya kuma zaunar da kai cikin waɗanda suka fi iyawa a lokacin da kake mafi rauni. Ka sauka mataki ɗaya ko ka huta mako.

Tambaya: Ƙanena kullum cewa yake gwani ne, sa'a ce ta juya masa baya na ɗan lokaci. Ya ranci kuɗi wurina sau biyu, ya daina barci da dare, idan na tambaye shi sai faɗa. Ko in yi haƙuri sa'ar ta dawo?

Amsa: 'Yar'uwa, hawa da saukar sa'a gaskiya ne, kin ga lissafinsa a sama. Amma uzuri ne ga wanda ya riga ya tabbatar yana ci, da jarin da ya keɓe, ba da kuɗin rance ba. Mai asara ma da kalmar yake fakewa, kuma ba ya bukatar yin ƙarya, don shi kansa ya yarda da ita. Gwajin mai sauƙi ne: ku zauna tare, a buɗe tarihin asusunsa na wata 12, a haɗa duk abin da ya tura, a haɗa duk abin da ya cire. Wanda ke ci ba ya jin nauyin nuna wannan shafin.

Tun 2013 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya sa matsalar caca a sahun jaraba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafa ta cikin cututtuka. Alamu tara kundin ya jera, huɗu a cikin shekara ɗaya sun isa. Daga ciki akwai komawa don fanshe asara, ɓoye gaskiyar abin da ake kashewa, dogaro da wasu su biya giɓin, ƙara yawan zubi don a ji daɗin da aka saba ji, da fushi idan aka yi ƙoƙarin dainawa. Wasiƙarki ta taɓo da dama.

Kada ki sake ba shi kuɗi a hannu. Idan akwai bashin da ba makawa, ki biya mai bashin kai tsaye, sau ɗaya, da sharaɗi. Ki yi masa magana da rana, ba bayan ya tashi daga wasa ba, kuma ki yi maganar barci da bashi, kada ki shiga gardamar ko ya iya ko bai iya ba, don a nan zai kayar da ke. Ki nemi ya rufe asusunsa da kansa ta hanyar haramta wa kai shiga, wadda shafukan da ke da lasisi ke bayarwa, wata shida zuwa sama, ya kuma sa manhajar toshe shafukan caca irin su Gamban a waya da kwamfuta, lambar sirrin tana hannun wani. Idan ya rufe ya sake buɗe wani da sabon suna, ko ya fara maganar cewa rayuwa ta ishe shi, kada a jira mako mai zuwa: a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa, ki raka shi da ƙafarki.